Kwamfutar Kyauta: Daga Ina Take Zuwa, Kuma Me Ke Sa Ta Yi Amfani?



A wannan makon, allon Ƙungiyar 'Yan Jarida ya ɗauko maganar da muke yawan ji a rediyo: kamfani kaza ya ba makaranta kaza kwamfutoci, gidauniya kaza ta haɗa wa makarantu intanet. Da yawanmu in mun ji haka sai mu ce ina ma makarantarmu ce. Amma akwai makarantun da suka samu irin wannan kyauta, aka yi biki, aka ɗauki hotuna, bayan shekara ɗaya ko biyu ɗakin ya koma a kulle, kwamfutocin suna shan ƙura. Mun zauna mun bi diddigin abin don mu gane inda kuɗin yake fitowa, abin da kamfani yake samu, da abin da ke raba ɗakin kwamfuta mai aiki da wanda ya zama sito.

Me ya sa abin ya shafe mu?

Dalili na farko shi ne jarrabawa. Hukumar JAMB ta fara gwada jarrabawar shiga jami'a a kan kwamfuta a 2013, kuma daga 2015 ta daina ta takarda gaba ɗaya. Ana ba ɗalibi tambayoyi 180 ya amsa cikin awa 2. In muka raba minti 120 gida 180, kowace tambaya tana da daƙiƙa 40 kacal. Ɗalibin da ya san amsa amma hannunsa yana rawa a kan kibod, yana neman inda harafin N yake don ya wuce zuwa tambaya ta gaba, zai ɓata lokacin da ba zai dawo ba. Hukumar WAEC ma ta fara jarrabawar kwamfuta ga masu zana ta daga waje a 2024.

Mu da muke ƙaramar sakandare saura mana shekara huɗu ko biyar mu zauna gaban wannan allo. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗan makarantar kuɗi yana taɓa kwamfuta tun daga firamare, kuma ɗaki ɗaya za a zaunar da mu da shi, tambaya ɗaya, agogo ɗaya.

Dalili na biyu kuwa mun gan shi a 2020. A watan Maris na wannan shekara aka rufe makarantun Najeriya saboda cutar korona, aka yi wata da watanni a gida. Masu waya da data sun ci gaba da karatu ta intanet. Sauran suka dogara da darussan rediyo da talabijin da wasu jihohi suka shirya, wasu kuma ko wannan ba su samu ba.

Hanya ta farko: kuɗin da doka ta tilasta

Ba duk kuɗin da kamfani ya sa a harkar ilimi ne kyauta ba. Wani haraji ne, ko kamfani yana so ko ba ya so sai ya biya.

A 1993 gwamnatin tarayya ta kafa harajin ilimi, inda kamfanoni ke biyan kashi 2 cikin 100 na ribarsu. Harajin ya ƙaru har ya kai kashi 3 a 2023. Da farko kuɗin yana taɓa makarantu tun daga firamare, amma dokar 2011 da ta kafa asusun TETFund ta keɓe shi ga jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin horar da malamai. Shi ya sa muke ganin sunan TETFund a jikin gine-ginen jami'a, ba ma ganinsa a jikin ajinmu.

Akwai kuma hukumar bunƙasa fasahar zamani, NITDA. Dokarta ta 2007 ta ɗora wa manyan kamfanoni irin su bankuna da kamfanonin waya biyan kashi 1 cikin 100 na ribarsu don raya wannan fanni. Sai asusun USPF da ke ƙarƙashin hukumar sadarwa ta NCC, wanda dokar sadarwa ta 2003 ta tanada. Kuɗinsa yana fitowa ne daga abin da kamfanonin waya ke biyan hukumar, kuma yana cikin aikinsa kafa ɗakunan kwamfuta a makarantun gwamnati. Saboda haka in muka ga ɗakin kwamfuta da allon hukumar gwamnati a ƙofarsa, mai yiwuwa asalin kuɗin daga aljihun kamfanoni ya fito.

Hanya ta biyu: abin da kamfani ya bayar don kansa

Wannan ita ce kyautar da ake yi wa biki. Kamfanin da yake cin riba a cikin al'umma yakan ware wani abu ya mayar mata. Ga misalai biyu daga kamfanonin da kusan kowane gida ke da layinsu.

Kamfanin MTN ya fara aiki a Najeriya a 2001, ya kafa gidauniyarsa a 2004, yana zuba mata abin da ya kai kashi 1 cikin 100 na ribarsa bayan cire haraji. Daga cikin ayyukanta akwai shirin SchoolsConnect, wanda ya kafa ɗakunan kwamfuta masu intanet a makarantun sakandaren gwamnati a jihohi da dama.

Kamfanin Airtel Africa kuma ya ƙulla yarjejeniya da asusun yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, a watan Nuwamba na 2021. Yarjejeniyar ta shekara 5 ce, ta dala miliyan 57, kuɗi da kayan aiki, a ƙasashe 13 na Afirka. Najeriya da Nijar da Chadi duk suna ciki. Manufarta a haɗa makarantu da intanet, a kuma bar yara su shiga wasu shafukan karatu ba tare da an cire musu data ba.

Ɗaya daga cikin waɗannan shafuka shi ne Nigeria Learning Passport. Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar da shi a watan Maris na 2022, kamfanin Microsoft kuma ya ba da fasahar da yake tafiya a kanta. Akwai darussa a cikinsa bisa manhajar karatun ƙasarmu, da Turanci da Hausa da Yarbanci da Ibo, kuma ba a biyan ko kwabo wajen yin rajista.

To shi kamfanin me yake samu?

Ruwa ba ya tsami banza. Faɗin haka ba zagi ba ne, domin kamfani kasuwanci yake yi, kuma yana iya taimakonmu ya amfana a lokaci guda.

Yana samun suna mai kyau. Allon da aka kafa a ƙofar makaranta da launin kamfani talla ce da ɗaruruwan iyaye ke gani kullum. Yana samun masu saye na gobe, domin yaron da ya saba da intanet yana ɗan shekara 13 zai sayi data shekara da shekaru. Yana samun ma'aikatan gobe, tunda banki ko kamfanin waya ba ya ɗaukar wanda bai iya kwamfuta ba. Sannan kamfanin da yake da masana'anta ko ƙarfen sabis a unguwa yana son zaman lafiya da mutanen unguwar.

Abin lura a nan shi ne ribar da aka yanko kyautar daga cikinta ta fito ne daga katin da iyayenmu suka saya, da kuɗin da banki ya cire musu, da sumuntin da suka gina gida da shi. Yaba kyauta tukuici, dole mu gode. Amma muna da bakin tambaya ko kyautar ta yi aikin da aka ce za ta yi.

Kyautar kamfani kuma ba ta sauke wa gwamnati nauyinta. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara 9, daga aji ɗaya na firamare zuwa aji uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole ne. Ta kuma ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga hukumar UBEC, wadda jihohi ke karɓa in sun kawo nasu kason. Kamfani yana iya canza shawara a ƙarshen shekara in riba ta ragu. Gwamnati ba ta da wannan damar a gaban doka.

Abin da ya faru a Galadima da Peru da Uruguay

Tunanin cewa in aka miƙa wa yaro kwamfuta shi ke nan zai yi ilimi, an gwada shi tun kafin a haifi yawancinmu. A 2005 wani malamin jami'ar MIT ta Amurka, Nicholas Negroponte, ya fito da shirin One Laptop per Child, wato kowane yaro da kwamfutarsa. Manyan kamfanoni irin su Google da AMD suka ba da kuɗi. Aka ƙera wata 'yar kwamfuta mai launin kore da fari, ana burin sayar da ita dala 100.

Najeriya tana cikin ƙasashen farko da aka gwada ta. A 2007 aka raba wa yaran wata firamaren gwamnati da ke Galadima, a gefen Abuja. Yaran sun yi murna kuma sun koyi sarrafa ta da sauri. Amma wutar cajin kwamfutocin da kuɗin riƙe intanet suka zama matsala, kuma kwamfuta miliyan ɗaya da aka yi maganar Najeriya za ta saya ba a taɓa sayensu ba.

Ƙasar Peru ta Kudancin Amurka ita ta sayi fiye da 800,000 da kuɗin gwamnatinta. A 2012 masu bincike na bankin raya ƙasashen yankin suka fitar da sakamakon nazarin da suka yi a firamare 319 na karkara. Bayan wata 15, yaran da suka samu kwamfuta sun iya sarrafa ta sosai, amma makinsu na lissafi da na harshe bai wuce na waɗanda ba su samu ba. Yawancin makarantun ba su da intanet, kuma yadda ake koyarwa a aji bai canza ba.

Uruguay, ita ma a Kudancin Amurka, ta fara nata shirin mai suna Ceibal a 2007 da irin wannan kwamfuta, zuwa 2009 kowane ɗan firamaren gwamnati ya samu tasa. Bambancin shi ne sun haɗa makarantu da intanet, sun horar da malamai, sun tanadi masu gyara, sun kuma kafa hukuma mai kula da abin shekara bayan shekara. Da korona ta rufe makarantu a 2020, yaransu suka ci gaba da karatu a kan tsarin da suka riga suka saba da shi.

Kwamfuta iri ɗaya ce a ƙasashen nan uku. Abin da aka kewaye ta da shi ne ya bambanta, kuma mun kasa shi gida biyar.

Abubuwa biyar da ɗakin kwamfuta ke rayuwa da su

*Na ɗaya, wuta.* Kwamfutar tebur da allonta tana jan wajen wat 100. Guda 30 za su ja wat 3,000, ban da fanka da ƙwan fitila. Ƙaramin janareton nan na masu shago bai kai wat 1,000 ba, ke nan ko kashi ɗaya cikin uku ba zai ɗauka ba. Babban janareto kuma yana son mai kullum, kuma wani ne zai saya. Kwamfutar tafi-da-gidanka tana jan ƙasa da rabin wutar ta tebur, ga batir a jikinta, shi ya sa ta fi dacewa da sola. Ita ma solar tana da nata hidimar: batiranta suna gajiya bayan 'yan shekaru, ƙurar hunturu kuma in ta rufe farantan sai wutar ta ragu.

*Na biyu, malami.* Ba malamin kwamfuta kaɗai muke nufi ba. Malamin lissafi da malamar kimiyya su ma suna buƙatar horon da zai sa su yi darasinsu da ita. Horon kwana biyu kafin ranar biki ba ya isa. Sannan in malami ɗaya tak aka horar, ranar da aka yi masa canjin wurin aiki ya tafi da ilimin duka.

*Na uku, lokaci.* Mu yi lissafi. A ce makaranta tana da ɗalibai 600, aji 10, kowane aji mutum 60, aka ba ta kwamfuta 30. Mutum biyu za su zauna gaban kowace ɗaya. A ce ana darasi 36 a mako, kowane minti 40. In ɗakin yana buɗe kullum, kowane aji zai samu shiga sau 3 a mako, har darasi 6 su yi saura. Minti 120 ke nan, in mutum biyu suka raba, kowa ya samu awa ɗaya da hannunsa a kan kibod. A zango mai mako 12, awa 12. A shekara, awa 36. Wannan ya isa mutum ya iya rubutu da kwamfuta tun kafin ya gama aji uku. Amma in ɗakin ba ya cikin jadawalin darussa, ana buɗe shi ne kawai in baƙi za su zo, lissafin ya koma sifili.

*Na huɗu, gyara.* A wancan lissafin, in kwamfuta 10 suka lalace, saura 20, mutum uku a kan kowace ɗaya, awa ɗayar ta koma minti 40. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Ƙura da zafin bazara da ke wuce digiri 40 da wutar da ke zuwa da ƙarfi su ne manyan abokan gabar kwamfuta a ƙasarmu. Sau da yawa abin da ya lalace ƙarami ne, caja ko kibod, amma tunda babu wanda aka ɗora wa sayensa sai a tura kwamfutar lungu.

*Na biyar, abin karantawa.* Kamfani yakan biya kuɗin intanet na wani lokaci, in wa'adin ya cika sai layin ya mutu. Bidiyon darasi na awa ɗaya yana iya cin ɗaruruwan megabait, ga kuma ɗalibai 60. Maganin wannan shi ne a zuba darussa a cikin kwamfutocin tun da intanet ɗin yana nan. Akwai manhajojin kyauta da aka yi don haka: Kolibri tana ajiye darussa, Kiwix kuma tana ajiye Wikipedia, har da ta Hausa, a karanta ba tare da intanet ba.

Tambayoyin da ya kamata a yi kafin a yanke kyalle

Muna roƙon shugabannin makarantu da ƙungiyar iyaye da malamai da kwamitin kula da makaranta, duk ranar da wani kamfani ya zo da alheri, bayan godiya a yi masa waɗannan tambayoyi cikin ladabi, a kuma rubuta amsar a takarda:

1. Wace wuta za ta ɗauki kayan, kuma wa zai sayi mai ko ya canza batir?
2. Malamai nawa za a horar, kuma za a dawo a ƙara musu horo?
3. Intanet ɗin na wata nawa ne, kuma wa zai biya bayan nan?
4. In abu ya lalace wa za a kira, kuma har tsawon wane lokaci?
5. Waɗanne bayanan ɗalibai za a karɓa, kuma ina za a kai su?

Tambaya ta biyar tana da doka a bayanta. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ce sai da izinin iyaye ko mai riƙo kafin a yi amfani da bayanan yaro. Sunanmu da hotonmu da lambar wayar gidanmu ba tukuicin kyauta ba ne.

Wani lokaci amsar waɗannan tambayoyi za ta nuna cewa kwamfuta 15 da sola da horon malamai sun fi kwamfuta 40 da babu komai a bayansu. Arba'in ta fi kyau a hoto, amma sha biyar ɗin ce za a tarar tana aiki bayan shekara uku. Wani lokacin ma makarantar da ɗalibanta ke zaune a ƙasa, rufin ajin yana yoyo, za ta fi amfana in ta roƙi a fara da kujeru da kwano.

Namu aikin

Mu ɗalibai ba mu da kuɗin sayen batir, amma akwai abin da ke hannunmu.

Inda akwai ɗakin kwamfuta, mu rufe kowace da ƙyalle bayan darasi, mu rufe tagogi lokacin hunturu, kada mu shiga da ruwan leda ko abinci. Mu kashe ta ta hanyar da malam ya koya mana, ban da fizge waya daga bango. Kowane aji ya sa monita ya riƙe littafin da za a rubuta lambar kwamfutar da ta samu matsala da ranar da abin ya faru. Shugaban makaranta zai fi samun bakin magana gaban kamfani in yana riƙe da irin wannan littafi.

Mu kuma yi adalci wajen zama. Wanda ya riga ya iya yakan kama kibod, wanda bai iya ba ya koma kallo har a buga ƙararrawa, alhali shi ya fi buƙata. A makarantun da ake haɗa maza da mata, sau da yawa 'yan mata ne ke komawa baya. A raba lokaci da agogo, minti 20 ga wannan, minti 20 ga wancan.

Inda kuma kyautar ba ta iso ba, kada mu naɗe hannu. Wanda gidansu ke da babbar waya ya nemi izinin Baba ko Mama ya yi rajista a Nigeria Learning Passport, ya kira maƙwabcinsa su yi darasi tare. Wanda babu waya a gidansu yana iya zana kibod a bayan kwali, ya haddace inda kowane harafi yake, layin farko yana farawa da Q, W, E, R, T, Y. Ranar da ya zauna gaban ta gaske, yatsunsa ba za su yi baƙunta ba.

Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da 'yan kasuwar unguwa su ma suna da wuri a wannan aiki. Ba sai kamfani mai biliyoyi ba. Mai shagon gyaran waya da zai leƙo sau ɗaya a wata ya duba kwamfutoci, ko mai gidan mai da zai ɗauki nauyin galan ɗaya a mako, ya toshe ramin da babban kamfani ya bari. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mun ajiye akwatin ra'ayi a ƙarƙashin wannan allo. Duk ɗalibin da ke da tambaya ta shida da yake ganin ya kamata a yi wa kamfani, ko malamin da ke da gyara a lissafinmu, ya rubuta ya jefa. Za mu manna waɗanda suka fi ma'ana a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.

Daga wakilan aji biyu na ƙaramar sakandare, Ƙungiyar 'Yan Jarida.